Muwon: Baƙon da ke ratsa tafin hannunmu kowace daƙiƙa

Kafin mu shiga bayani, mu buɗe tafin hannunmu, mu ƙirga ɗaya zuwa goma a hankali. A ɗan wannan lokaci, wasu ƙananan ƙwayoyi kimanin goma sun faɗo daga sama, sun keta rufin ɗaki, sun ratsa tafin hannun, sun nutse cikin ƙasa. Ba mu gan su ba, ba mu kuma ji komai ba. Masana kimiyyar fiziks suna kiran wannan ƙwaya muwon. To, abin da ido ba ya gani, yaya ake ƙirga shi? Kuma me ƙirgar ta koya wa duniya?

Daga ina suke zuwa?

Dare da rana, wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu suna kwararowa duniyarmu daga sararin samaniya. Mafi yawansu furoton ne, irin wanda muka karanta a darasin ƙwayar zarra. Bari mu kira su tartsatsin samaniya. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Victor Hess, shi ya tabbatar da samuwarsu a 1912. A lokacin ana zaton duk wani tartsatsi da na'urori ke kamawa daga duwatsun ƙasa yake fitowa. In haka ne, ya kamata ya ragu idan aka yi sama. Hess ya shiga kwandon wata ƙatuwar balan-balan da na'urorinsa, ya tashi fiye da mita 5,000, sai ya ga tartsatsin ƙaruwa yake yi. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1936.

Idan furoton ya iso kimanin kilomita 15 a saman kawunanmu, sai ya yi karo da ƙwayoyin iska. Karon yana haifar da wasu ƙwayoyi da ake kira fayon, su kuma nan take sai su rikiɗe su zama muwon. Carl Anderson da Seth Neddermeyer ne suka gano muwon a 1936 a Kalifoniya ta Amurka. Ɗan'uwan ilektron ne, sai dai ya ninka shi nauyi kusan sau 207. Wannan nauyi da gudunsa su ke sa ya keta bango da dutse ba tare da ya tsaya ba.

Yadda ake ƙirga su

Akwai wata roba ta musamman wadda ke yin ɗan walƙiya duk lokacin da muwon ya ratsa ta. Ana naɗe ta da baƙin abu don kada hasken waje ya shiga, a manna mata na'urar da ke mayar da walƙiyar siginar lantarki, kwamfuta kuma ta riƙa ƙirgawa.

Amma akwai matsala. Ƙasa da bango ma suna fitar da nasu ɗan tartsatsin, kuma shi ma yana sa robar walƙiya. Dabarar ita ce a ɗora roba biyu, ɗaya a kan ɗaya, a ce wa kwamfuta kada ta ƙirga sai duka biyun sun yi walƙiya a lokaci guda. Tartsatsin bango da wuya ya keta biyun, muwon kuwa wucewa kawai yake yi. Kamar alƙali ne da ba ya yanke hukunci sai da shaidu biyu.

Da irin wannan awo aka san cewa a daidai gaɓar teku, muwon ɗaya ne ke ratsa kowace murabba'in santimita a minti guda, wato kimanin 10,000 a kowace murabba'in mita. Idan aka kwantar da na'urar ta fuskanci gefe, adadin sai ya ragu sosai, alamar cewa daga sama suke zuwa. Idan aka hau tudu kuma sai ya ƙaru. Ke nan na'urar da aka ajiye a Jos za ta ƙirga fiye da wadda aka ajiye a Legas.

Lissafin da ya ƙi fita

Muwon ba ya daɗewa. Matsakaicin tsawon rayuwarsa kashi 2.2 ne cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya. Mu ɗauki biro mu lissafa: ko da yana gudu kamar haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, tafiyar da zai yi a wannan lokaci mita 660 ce kawai. Ga shi an haife shi a kilomita 15, nisan da ya ninka haka fiye da sau 20. Bisa wannan lissafi, da ƙyar a samu wanda zai iso ƙasa. Amma ga su nan suna ratsa hannunmu. Ina kuskuren yake?

Albert Einstein ya ba da amsa tun 1905, kafin ma a san da muwon: abin da ke gudu kusa da gudun haske, agogonsa yana tafiya a hankali idan aka gwada da namu. Magana ce mai wuyar yarda, shi ya sa masana suka ce sai sun auna. A 1962, David Frisch da James Smith suka kai na'urarsu ƙololuwar Dutsen Washington a jihar New Hampshire ta Amurka. Sun sa tulin ƙarfe a saman robar don su tace muwon masu gudu iri ɗaya, suka ƙirga kimanin 563 a awa. Sai suka sauko kusa da gaɓar teku, ƙasa da ƙololuwar da kimanin mita 1,900, suka sake ƙirgawa. In da agogon muwon daidai yake da namu, kimanin 27 ne za su rage. Sun samu 412. Agogon waɗannan muwon ya yi jinkiri kusan sau tara, kamar yadda ka'idar Einstein ta nuna.

Leƙa cikin dalar Masar

Yau ƙirgar muwon ta zama sana'a. Dutse mai kauri yana tare wasu daga cikinsu, inda akwai rami kuwa sai su wuce da yawa. Da wannan dabara, a 2017 masana suka sanar da gano wani babban fili a ɓoye cikin dalar Fir'auna Khufu da ke Giza, mai tsawon aƙalla mita 30, ba tare da sun ɗaga dutse ko ɗaya ba. A Japan da Italiya kuma ana leƙa cikin duwatsu masu aman wuta da ita.

Sau da yawa mukan ɗauki fiziks a matsayin haddar ka'idoji don cin jarrabawa. Frisch da Smith kuwa ba su tsaya ga cewa Einstein ne ya faɗa ba, sun hau dutse sun ƙirga da kansu. Ga namu aikin na wannan mako: mu auna tsawo da faɗin littafin rubutunmu da santimita, mu ninka su. Littafi mai tsawon 20 da faɗin 16 zai ba mu 320, wato kimanin muwon 320 ne ke ratsa shi a minti ɗaya idan yana kwance. Mu yi wa teburinmu da filin ajinmu irin wannan lissafi, mu kai wa malamin fiziks ya duba mana.