Kirista da Akwatin Zaɓe a Ƙasar Gwandu

Duk wanda ya san ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, inda sarautar Gwandu ta kafu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ilimin fiƙihu kuma ya zama gadon gida, ya san Kiristocin da ke zaune a can 'yan kaɗan ne, galibinsu 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗaliban jami'ar Aliero, waɗansu daga Zuru, waɗansu daga kudu; amma ran zaɓe, ko a rumfar Jandutsi ko a cikin garin Jega, ƙuri'ar ɗayansu daidai take da ta limamin Juma'a, ba ƙari ba ragi.

Asalin wannan haƙƙi yana cikin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda sashensa na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin aƙida da ibada. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan ma'anar wannan, musamman da Jihar Kebbi ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000 a zamanin Gwamna Adamu Aliero: waɗansu suka ce an keta haddi, waɗansu suka ce tsarin da kansa ya yarda da kotunan Shari'a, hukuncinsu kuwa a kan Musulmi yake.

Su ma Kiristocin ba a kan ra'ayi ɗaya suka faro ba. Da yawa daga 'yan mishan na farko sun hori mabiyansu da su nisanci siyasa, wai ƙazanta ce mai ɓata imani, sai da aka kafa ƙungiyar Kiristoci ta CAN a 1976, aka kuma yi zazzafar muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a majalisar tsara mulki a 1978, sannan akasarin Kiristocin suka gane cewa wanda ya ƙaurace wa majalisa ba ya hana ta zartar da hukunci a kansa. Alal misali, Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda harshensa kan yi kaifi har ya ɓata wa mutane da dama rai, shi ne dai ya zauna da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami a kwamitin zaman lafiya na zaɓen 2015, zaɓen da ɗan wannan ƙasa ta Gwandu, Farfesa Attahiru Jega, ya gudanar.

A ganina, Kiristan Jega ba shi da yawan da zai ci kujera da sunan coci, kuma alhamdu lillahi da hakan, domin dole ce ta sa ya nemi abokin tafiya a kan maslahar da ta game kowa: ruwan sha, da asibiti, da hanyar da za ta fitar da albasar Aliero. Ya yanki katin zaɓe, ya halarci taron mazaɓa, maƙwabcinsa Musulmi kuwa ya matsa masa wuri a kan tabarma.