Gwajin Jini da Ajalin Mai Ciwon Huhu: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Akan ji ana cewa yanzu likitoci na iya ɗibar jinin mai daɗaɗɗen ciwon huhu su faɗa masa shekara nawa suka rage masa a duniya. Maganar tana da tushe, amma an sa mata gishiri. Cutar da ake nufi ita ce COPD, wato toshewar hanyoyin numfashi da hayaƙin taba ko na itacen girki kan jawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019.

"Jini na nuna wanda ke cikin hatsari." Gaskiya ne.
A binciken ECLIPSE an bibiyi masu cutar fiye da 2,000 har shekara uku. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka rasu sun fi sauran yawan alamomin kumburi a jini, irin su CRP, IL-6, fibrinojin da fararen ƙwayoyin jini. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da fibrinojin, sinadarin da ke taimaka wa jini daskarewa, a matsayin ma'auni. Amma a lura: don zaɓen waɗanda za a sa cikin gwajin sababbin magunguna aka amince da shi, ba don yanke wa majinyaci hukunci ba.

"Gwajin na faɗin lokacin mutuwa." Ƙarya ce.
Tun 2004 Dakta Bartolome Celli da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin BODE, wanda ba ya buƙatar ko ɗigon jini. Abu huɗu yake dubawa: ramar jiki, ƙarfin fitar da iska, tsananin haki, da nisan da mutum zai taka cikin minti shida. Da masu ECLIPSE suka haɗa alamomin jini da irin waɗannan bayanai, ingancin hasashen ya tashi daga kusan 0.69 zuwa 0.73, a sikelin da 0.5 ke nufin canki-canki, 1 kuma ke nufin babu kuskure. Ƙarin kaɗan ne. Lissafin na magana ne a kan taron jama'a, ba a kan mutum ɗaya ba. Haɗuwar hadari kan nuna ruwa na tafe, amma ba ta faɗin gonar da zai sauka.

"In CRP ya hau, huhu ya gama lalacewa." Ba haka ba ne.
Hanta ke samar da CRP duk lokacin da jiki ke fama da kumburi. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ƙurji, har ma ƙiba, duk suna ɗaga shi. Haka tsutsar ciki ke ɗaga iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. A ƙasashenmu da waɗannan cututtuka suka yi yawa, wanda ya karanta takardar gwaji shi kaɗai ba tare da likita ba, zai tayar wa kansa da hankali a banza.

"Da gwajin jini ake gano cutar." Kuskure ne.
Da na'urar hura iska, sifirometa, ake tabbatar da ita. Mai tarin da ya ƙi ƙarewa kuma sai an fara duba majinarsa, don a kawar da zargin tarin fuka.

"Ashe gwajin ba shi da amfani." Wannan ma kuskure ne.
Babban amfaninsa yana wajen zaɓen magani. Bisa ƙa'idojin GOLD da likitoci ke bi, in iyosinofil sun kai 300 a kowace mikrolita, da alama maganin shaƙa mai sitiroyid zai rage tasowar ciwon. In ba su kai 100 ba, da wuya ya yi amfani, ga kuma hatsarin kamuwa da namoniya. Auna iskar oksijin a jini kuwa na nuna wanda ke buƙatar ƙarin iska. Bincike biyu, na Amurka a 1980 da na Birtaniya a 1981, sun tabbatar da cewa ba masu tsananin ƙarancinta oksijin na dogon lokaci kowace rana, awa 15 ko fiye, na ƙara musu tsawon rai.

Saboda haka, wanda aka miƙa wa sakamako kada ya tambayi likita kwana nawa suka rage. Ya tambaye shi abin da za a sauya. Barin taba, fitar da hayaƙi daga ɗakin girki, allurar rigakafin mura da namoniya, da motsa jiki a kai a kai, su ne aka tabbatar suna sauƙaƙa wa mai cutar. Barin taba kuwa shi ne kan gaba wajen rage saurin lalacewar huhu.