Tafiyar Yini Guda Da Tsohuwar A-kori-kura

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, wadda kakana ya saya a shekarar 1978 yana dakon gyaɗa da hatsi da ita. Bayan rasuwarsa sai ta zama wurin kwanan awaki. A hutun da ya wuce wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya taya ta. Baba ya so ya sallama, amma Kawu, wanda bakanike ne, ya ce a ba shi mako biyu. Suka yi sharaɗi: in ta kai mu Tiga ta komo da mu Kano a yini ɗaya, ta tsira; in ta kasa, a yanka ta a auna a sikeli. Ni aka ɗauka yaron mota, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda ake tafiya da irin wannan mota.

A ƙasar Faransa aka fara ƙera 404 a shekarar 1960, samfurin a-kori-kura kuwa ya fito a 1967. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa Fijo ta cika ƙasar nan har yaro ma ya san kukanta. A Kenya ba a daina harhaɗa ta ba sai 1991. Injinta mai silinda 4 ne, giyarta 4 ban da ribas, sandar giyar kuma a jikin sitiyari take, don haka mutum uku suna zama a gaba ba tare da matsi ba.

Babban bambancinta da motocin yanzu shi ne ba ta da kwamfuta. Motar zamani ita ke auna wa kanta mai da iska, in kuma wani abu ya lalace ta kunna fitila ta faɗa wa direba. Ita kuwa wannan, kafireto ke gauraya fetur da iska, kuma kunnen direba da hancinsa su ne 'yan rahoto. Saboda haka tafiyar tana farawa ne tun ana gobe. Kawu ya sa na zaro sandar awon baƙin mai, na duba ruwan lagireto da man birki, muka wanke fulogi, muka ƙara wa tayoyi iska har da safaya. Sa'an nan muka ɗora jarkar ruwa, da jak, da sufanu, da igiya, da sabon fanbel. Da Baba ya ga kayan sai ya ce, "Kai da ka ce ta warke, me ya kawo wannan tarkace?" Kawu ya ce, "Yaya, ko mai lafiya ai yana tafiya da guzuri."

Mun tashi bayan sallar asuba, domin tsohon inji ba ya son zafin rana. Kawu ya ja cok, watau abin da ke rage iska ya ƙara fetur don inji mai sanyi ya tashi, ya bar ta tana ɗumi kamar minti biyar kafin ya sa giya. Daga Kano zuwa Tiga wajen kilomita 70 ne. Muka kama hanyar Zariya, muka wuce Kura da Kadawa, ba mu haura gudun kilomita 70 a awa ba, kowa yana wuce mu. Dalili kuwa birkinta ba ya kamawa nan take kamar na sababbin motoci, tilas direba ya bar tazara mai yawa. Sitiyarinta ma ƙarfin damtse yake so. Wani abin da ban sani ba sai ran nan shi ne, an yi sifirin ɗin bayanta ne don ɗaukar kaya masu nauyi, in babu kaya sai ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Don haka Kawu ya aza buhu biyu na yashi a baya.

Mun isa da hantsi. An gina madatsar ruwan Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta ne kuma ke shayar da gonakin rani da muka wuce a Kadawa. Baba ya daɗe tsaye yana kallon ruwa, ya ce rabonsa da wurin tun yana yaro, kuma a bayan wannan motar ya zo.

A kan hanyar komowa ne abin ya faru. Wajen ƙarfe biyu na ji wani ƙauri kamar roba tana ƙonewa, allurar zafi kuma ta soma hawa. Kawu ya sauka gefen titi ya kashe inji nan da nan. Fanbel ne ya tsinke. Wannan ɗan siririn bel shi ke juya fanka da famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji, in ya tsinke ruwa ya tsaya wuri ɗaya ya tafasa, in kuwa aka ci gaba da tafiya inji ya ƙone. Na kai hannu zan buɗe murfin lagireto, Kawu ya buge mini hannu. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100, da an buɗe zai yi tsiri ya sale wa mutum fuska. Muka jira rabin awa a gindin wata bishiya, sa'an nan ya sa sabon bel da sufana biyu kawai, ni kuma na zuba ruwa a hankali.

Baba ya ce wannan ai kasawa ce. Kawu ya ce sharaɗin shi ne ta komo da ƙafarta, ga ta kuwa tana tafiya. Suna wannan gardama har muka shigo Kano ana kiran magariba. Da mai sayen ƙarafa ya dawo ranar Asabar, Baba ya ce masa ya tafi tukuna, sai bayan kaka a yi magana. Awakin dai an koma ɗaure su a bayan gida.