Fargabar da Ta Ƙi Kwanciya: Jinyar Zama a Tattauna a Yammacin Zamfara

Tsakanin 4 da 6 ga Janairun 2022, 'yan bindiga a kan babura suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna harbi suna cinna wuta. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin da suka yi jana'iza kuma suka ce adadin ya kai wajen 200. An ƙirga gawawwaki, an ƙirga gidajen da suka ƙone. Waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba su ne mutanen da suka kuɓuta ba ko ƙwarzane, amma tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsu.

Ma'aikatan asibiti a wannan yanki sun san irinsu. Mace za ta zo ta ce gabanta na faɗuwa ba dalili, zuciyarta na dukan tara-tara, hannuwanta na rawa, wani abu ya tokare mata ƙirji. A auna jini a ga lafiya lau, a gwada zazzaɓin cizon sauro a ga babu. A rubuta mata farasitamol da maganin ƙarin jini, ta tafi, bayan mako biyu ta dawo da kukan da ta zo da shi. Magidanci kuwa da wuya ya zo. Shi sai dai a ga ya koma mai saurin fushi, ya daina zama majalisa, ƙarar mashin daga nesa ta sa ya miƙe zumbur.

Wannan cuta ce, likitoci sun san ta, kuma tana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. A wani nazari da hukumar ta fitar a shekarar, ta gano cewa a wuraren da ake rikici, kimanin mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kama daga baƙin ciki mai tsanani zuwa fargaba da firgicin da ke biyo bayan mugun gani.

Yammacin Zamfara kuwa ya ga abin da ya isa. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru, abin da ya kawo ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, garin Anka. Ba a gama share hawayen wannan ba sai satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane da kuɗin fansa da harajin noma. 'Yan gudun hijira suka cika Anka, har wasu suka fake a ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba. A daminar 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi.

A nan ne mai karatu zai iya cewa: to wanda ɓarayin daji ke kwana kusa da gonarsa, me zance zai yi masa? Tambayar na kan hanya. Tsoron mutumin Bukkuyum ba ruɗu ba ne, kuma duk mai jinyar da ya ce masa ya kwantar da hankalinsa babu komai, bai san inda yake ba. Tsoro na da aikinsa. Shi ke sa a kasa kunne, shi ke sa a bar gona kafin la'asar ta yi sanyi. Ciwon na farawa ne idan jiki ya kasa bambanta lokacin haɗari da lokacin da aka tsira. Hausawa sun riga likitoci faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Aikin jinyar tattaunawa shi ne mutum ya ci gaba da gudun maciji, ya daina gudun tsumma.

Hanyar da aka fi gwadawa aka ga amfaninta ta samo asali ne daga aikin wani likitan Amurka, Aaron Beck, a shekarun 1960. Ya lura cewa tunani da yanayin jiki da abin da mutum ke aikatawa suna ciyar da juna. Zuciya ta buga da ƙarfi, tunani ya ce mutuwa ce ta zo, tsoro ya ƙaru, zuciyar ta ƙara bugawa. Mutum ya fara haki, numfashin sauri ya rage wata iska da jini ke buƙata, sai jiri ya ɗebe shi, yatsu su yi tsami. Ya ce to ga shi nan, ya tabbata. Alhali irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya sauka da kansa.

Ga yadda zaman yake kasancewa. A ɗauki misalin wata uwa da ta gudo cikin gari da 'ya'yanta, wata uku ba ta taka kasuwa ba. Ma'aikaciyar da aka horar za ta zauna da ita a keɓe, ba miji ba uwar miji, ta fara da alkawarin cewa abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan.

"Inna, mi ka hana ki kwana?"

"Ɗiyata, tunani. Da na rufe ido sai in ji mashin."

Ba za ta ce mata ki yi haƙuri ki manta ba. Wannan ta ji shi sau ɗari a gida. Za ta sa ta ɗora tafin hannu a kan ciki, ta ja numfashi ta hanci a hankali tana ƙirga uku, ta sake shi tana ƙirga uku, har cikin ya riƙa tashi yana sauka. Za su yi tare, ta ce ta riƙa yi safe da yamma, tun kafin faɗuwar gaban ta zo. A zama na gaba sai su baje damuwoyin ɗaya bayan ɗaya, su ware wanda ke hannunta da wanda ba ya hannunta. Dawowar zaman lafiya ba ya hannunta. Kuɗin hayar ɗakin da suka fake, da yaron da ya bar makaranta, waɗannan ana iya neman dabara, kuma ita za ta kawo dabarar. Sannan kasuwa: wannan makon ta tsaya bakin zaure na ɗan lokaci, mako mai zuwa ta je bakin titi da maƙwabciya, na gaba ta sayo gishiri ta dawo. Duk ranar da ta tsaya har bugun zuciyar ya lafa da kansa, jikinta ya koyi darasi.

A lura da kyau, wuraren da ake sa mutum ya tunkara su ne waɗanda babu haɗari a cikinsu. Babu mai jinya mai hankali da zai tura manomi gonar da ke bakin daji don wai ya saba.

Wannan tsari ba ƙirƙirar marubuci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi a 2016 da sunan PM+, zama biyar ne na kimanin minti 90, sau ɗaya a mako, kuma an tsara shi ne don wanda ba likita ba ya iya gudanarwa bayan horo. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan, inda tashin bama-bamai ya addabi jama'a, da kuma unguwannin talakawa na Nairobi. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Amma shaidar da ta fi kusa da halin Zamfara ta fito ne daga gabashin Kwango. A 2013 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 15 da mata kimanin 400 waɗanda aka yi wa fyaɗe, a yankin da har lokacin ba a daina kai hare-hare ba. Matan yankin ne da aka horar suka jagoranci zaman rukuni-rukuni. Bayan wata shida, kashi 9 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka yi jinyar ke da alamun fargaba ko baƙin ciki mai tsanani, a ɗaya ɓangaren da aka ba su tallafi na yau da kullum kuwa kashi 42 ne. Wato ba sai an jira bindiga ta yi shiru kafin a fara ba.

Dalilin da ya sa horar da waɗanda ba likitoci ba ke da muhimmanci a fili yake. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanen wannan yanki ke zuwa yana Kware, arewa da birnin Sakkwato; akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Ga kuɗin mota, ga hanyar da ita kanta abin fargaba ce. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Doka ce mai kyau a takarda. Mutumin Gummi zai san da ita ne ranar da ya tarar da malamar asibitin unguwarsu ta iya wannan zama, kuma horar da irinta bai kai tsadar gina ɗakin kwanciya guda ba.

Kafin nan, akwai ramuka biyu da jama'a ke faɗawa. Na farko kemis. Ƙwayar diyazefam, wadda matasa ke kira D5, tana kwantar da jiki a daren farko, amma cikin 'yan makonni jiki ya saba da ita, in an daina fargabar ta dawo ta ninka. Tiramol da kodin sun fi ta ɓarna. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Akwai magungunan da likita ke rubutawa idan ciwon ya yi tsanani, ba sa sa maye, sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya ba tare da shawararsa ba.

Rami na biyu shi ne a ce iska ce ko sammu, a tsaya nan. Addu'a da tofi da zikiri suna sanyaya zuciyar mumini, babu ma'aikacin lafiya na gari da zai hana, addinin ma ya yi umarni da neman magani. Abin ƙi shi ne duka da ɗauri. A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Mai firgici da aka ɗaure, an ƙara masa wani firgicin ne a kan na da.

Yana da kyau kuma a fara da gwajin jiki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu suna kwaikwayon fargaba, haka yawan goro da gahawa da lemukan ƙara kuzari. Ciwon ƙirji mai sauka hannun hagu, musamman ga dattijo ko mai hawan jini, na gaggawa ne, a kai shi asibiti nan take.

Idan fargaba ta shafe makonni tana hana barci ko aiki ko kula da yara, lokacin zuwa asibiti ya yi. A asibiti a faɗi abin da ya faru, kada a tsaya a ciwon kai kawai, a kuma tambaya ko akwai mai ba da shawara. A wuraren da MSF ke aiki a jihar ana samun irin waɗannan ma'aikata. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da makami daga kusa da shi, a kai shi a ranar.

Yara ba sa cewa gabansu na faɗuwa. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, yarinyar da ta maƙale wa uwarta ko ta yi shiru bayan da surutu ne da ita, ɗalibin da ke razana in an buga ƙofar aji, duk suna faɗar abu ɗaya ne da jikinsu. Bulala na ƙara shi. Abin da ke taimakonsu shi ne lokacin barci da na abinci su daidaita gwargwadon hali, a bar su su yi wasa da sa'o'insu, a amsa tambayarsu da gaskiya daidai shekarunsu, a kuma daina kunna bidiyon gawawwaki da muryoyin ɓarayi a waya alhali suna zaune a wurin.