Tauri da Makarinsa: Sake Dokar Kariya Daga Sihiri a Wasannin Intanet

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan tauri a Darki, ko a wani gari na ƙasar Wudil, ran salla ko ran naɗin sarauta, ya san yadda abin yake. Makaɗi ya ɗauki take, ɗan tauri ya zabura ya zare wuƙa, ya yi ta gurzawa a ciki da wuya, ko ƙwarzane babu. Amma in aka koma gefe aka tambayi dattawan wurin, za su ce ai don ƙarfe kaɗai aka dafa shi: sanda tana kama shi, sillen kara ma yana iya yankarsa. Ko maganin yana ci ko ba ya ci, wannan magana ce ta malamai da likitoci. Abin lura a nan shi ne, Bahaushe bai yarda akwai maganin da ba shi da makari ba.

To, wannan al'amari shi ne ya daɗe yana wahalar da masu ƙera wasannin intanet, watau irin wasannin nan da dubban mutane ke shiga lokaci guda daga ƙasashe dabam-dabam, kowa ya zaɓi jaruminsa, wani mayaƙi, wani maharbi, wani matsafi, su haɗa kai su yaƙi dodanni ko su gwabza da juna. Sihirin da ke ciki ba kome ba ne illa lissafi. Matsafi ya jefa wuta ko ƙanƙara, kwamfuta ta auna ƙarfin jifar da kariyar wanda aka jefa, ta yanke hukunci. Yadda za a tsara wannan awo shi ne ake ta sakewa.

Asalin abin a kan tebur ne, ba a kwamfuta ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, wanda ake yi da takarda da ƙwayoyi irin na lido. A littafin dodanninsa na 1977 an ba wani dodo kariya ta kashi 90 cikin 100, ma'ana a jifa goma tara za su tashi a banza. Wannan shi ne kau-da-bara sak: ko dai kibiya ta samu, ko ta kauce ɗungum, babu tsakiya. Aibinsa a fili yake. Mutum ya tanadi babban sihirinsa tun farkon yaƙi, ya saki, ya tafi a iska, ba don ya yi kuskure ba sai don ƙwaya ta faɗi ta wani gefe. A bugun 2000 aka sa girman matsafi ya shiga lissafi sosai, ya jefa ƙwaya mai fuska 20 ya tara da matsayinsa. A bugun 2014 kuwa aka sassauta, dodo mai kariya ya jefa ƙwaya biyu ya ɗauki wadda ta fi.

Wasannin kwamfuta sun fi karkata ga wata hanya, wadda ta fi kama da lifidi da sulke: sara ya samu, amma an rage masa kaifi. A nan ne lissafi yake da wani tarko da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya duba da kyau. A ɗauka jarumi yana da ƙarfin rai 1,000, kowace jifa kuma tana cin 100. In ba shi da kariya, jifa 10 ta kashe shi. In kariyarsa ta kai kashi 50, sai an yi 20. In ta kai 75, sai 40. In ta kai 90, sai 100. In ta cika 100, har abada ba zai faɗi ba. Watau goman ƙarshe ta fi casa'in ɗin farko amfani nesa ba kusa ba, alhali a ido duk maki ɗaya ne. Saboda haka ne ake sa iyaka. Wasan Diablo II na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2000, ya tsayar da kariyar ɗan wasa a kashi 75 sai in da wasu kaya na musamman. League of Legends na 2009 kuwa ya bi ta dabarar rabawa: kariya 100 tana rage ɓarna zuwa rabi, 300 zuwa rubu'i, kome yawan da aka tara ba za a kai ga babu ba.

World of Warcraft, wanda ya fito a 2004 ya kuma kai masu biyan kuɗi miliyan 12 a 2010, ya gwama hanyoyin biyu. Yawancin jifa ana rage musu rubu'i, ko rabi, ko kashi uku cikin huɗu, amma waɗanda ke daskarar da mutum ko su ɗaure shi, irin sagau ɗin da aka ce yana ƙame hannun mai kai duka, su ko dai su ci ko su fasa. Matsalar ta ɓullo ta wajen kaya. Kafin mutum 40 su tunkari Ragnaros, dodon wuta, sai na gaba-gaba sun share makonni suna tara sulken kariya daga wuta, wanda ba ya da wani amfani a wajen dodon ƙanƙara. Jaka ta cika da tarkace, sabon shiga kuma ba a ɗaukarsa, kome iyawarsa. A 2012 kamfanin ya cire wannan kariya daga kayan 'yan wasa. An huta, lalle, amma wanda ya kwana yana nema ya wayi gari guminsa ya zama kayan ado. Ma'aikacin da ya taɓa ganin takardar umurni guda ta soke abin da ya yi shekaru yana tarawa zai gane zafin abin.

Gyaran da ya fi dacewa da tunanin Bahaushe shi ne na Diablo II. A matakinsa mafi wuya akwai dodanni masu tauri na gaske: wani wuta ba ta kama shi sam, wani tsawa, wani guba. Matsafin da ya zuba dukan ƙarfinsa a wuta, in ya gamu da mai taurin wuta, sai dai ya ja da baya ko ya nemi abokin tafiya. Fiye da shekara ashirin ana haka, har ya zamana kowa yana zaɓar jarumai 'yan kaɗan da aka san ba su cika cin karo da tauri ba, sauran suna jibge. An sabunta wasan a 2021, sa'an nan a 2022 aka shigo da wasu layu guda shida (su ma masu wasan da sunan laya suka kira su), kowace tana karya tauri iri ɗaya. Ba ta mai da dodon fanko, sai dai ta sauko da kariyarsa zuwa kashi 95, ta buɗe 'yar kafa. Daɗin daɗawa, layar tana da sharaɗi: wanda ya rataya ta wuta, tasa kariyar daga wuta takan ragu ƙwarai, ya zama shi ma wutar ta fi cinsa.

Wasu tsofaffin 'yan wasa sun yi gunaguni, suka ce taurin shi ne yake tilasta wa mutane neman juna, yanzu kowa ya zama gagarau shi kaɗai. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin a dandalin dambe ma, ranar da aka san wanda zai yi kisa tun kafin a naɗa kara, 'yan kallo watsewa suke yi. Sai dai layar ba a kasuwa take ba, farautarta ake yi a wajen manyan dodanni, tana kuma cin wuri a jakar da dama ba ta da faɗi, wurin da wata layar ƙarin ƙarfi za ta zauna.