Yaran da Suka Tashi Tsakanin Al'adu

An kafa makarantun ƙasa da ƙasa ne tun farko domin 'ya'yan waɗanda aiki ya kai su ƙasashen waje, irin su jami'an diflomasiyya da ma'aikatan manyan kamfanoni. Daga cikin mafi daɗewa akwai ta birnin Geneva, wadda aka buɗe a 1924. A birnin ne kuma aka kafa tsarin karatun ƙasa da ƙasa mai suna IB a 1968, don yaron da ya sauya ƙasa ya ɗora daga inda ya tsaya.

A shekarun 1950 wasu masana zamantakewa, Ruth Hill Useem da mijinta John Useem, suka yi nazarin Amurkawa mazauna Indiya. Daga aikinsu aka samo laƙabin "yaran al'ada ta uku", wato waɗanda ba su rungumi al'adar iyayensu gaba ɗaya ba, ba su kuma zama 'yan gari a inda suka girma ba. Littafin David Pollock da Ruth Van Reken na 1999 ya yaɗa wannan tunani, sai dai akasarin misalan farko na 'ya'yan Turawa ne.

Wannan giɓi ne Danau Tanu, masaniyar al'adun ɗan Adam, ta yi ƙoƙarin cikewa. Ta zauna cikin ɗaliban wata makarantar ƙasa da ƙasa a Jakarta, babban birnin Indonesiya, ta kuma bayyana abin da ta gano a littafinta mai suna Growing Up in Transit.

Makarantar na alfahari da yawan ƙasashen da ɗalibanta suka fito, amma binciken ya nuna ba a ɗauke su daidai wa daida ba. Masu Turanci da karin harshen Amurka su ake yi wa kallon wayayyu. Idan 'yan Koriya ko Japan ko Indonesiya suka haɗu suna hira da harshensu, sai a ce sun ware kansu, alhali ba a faɗin haka ga rukunin masu Turanci. Wasu yaran har sukan ji kunyar harshen iyayensu.

Tanu ta danganta wannan fifiko da gadon mulkin mallaka. A ganinta, yawan ƙaura kaɗai ba ya bayyana yadda matashi ke kallon kansa. Sai an haɗa da harshe da launin fata da arzikin iyaye.