Dalar da ta shiga lambunan Turai

A ƙarni na 18, masu hannu da shuni a Turai sun shiga gasar ƙawata lambunansu da gine-gine irin na mutanen da, kuma dala na cikin abin da suka fi ƙauna. A 1728 magini Nicholas Hawksmoor ya gina ɗaya a Castle Howard, arewacin Ingila. Wata na nan har yau a lambun Monceau na birnin Paris. A Potsdam ta Jamus kuwa, ƙanƙara ake ajiyewa a cikin tasu.

Me ya kai ginin kabari wurin shaƙatawa? Masu tsara lambunan nan sun so mai yawo ya ratsa furanni da ƙoramu, sai kwatsam ya ci karo da abin da zai tuna masa mutuwa, ya natsu. Dala tana da faɗin gindi, ba ta jijjiga, kanta kuma na nuni zuwa sama, shi ya sa aka ɗauke ta alamar ɗorewar suna bayan mai shi ya kau. Yarima Hermann von Pückler bai tsaya ga alama ba: ya tara ƙasa ya yi dala a tsakiyar tafki a lambunsa na Branitz, a ciki aka binne shi a 1871.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne siffar dalar lambunan nan. Yawancin maginan nan ba su taɓa taka Masar ba. Wadda suka sani ita ce dalar Cestius a birnin Rum, kabarin wani babban ma'aikacin hukuma da aka gina tsakanin shekara ta 18 da ta 12 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai tsayin mita 36. Siririya ce, ta fi na Giza tsini nesa ba kusa ba, ta fi kama da na sarakunan Kush da ke Sudan. Kuma 'yan shekaru kafin gina ta, sojojin Rum sun kai yaƙi har birnin Napata na Kush, don haka wasu masana ke ganin daga can aka kwaikwayo ta.

Idan haka ne, Sudan na da haƙƙin da ba a cika ambata ba a tarihin lambunan Turai. Ga shi ta fi Masar yawan dala, amma sakayyar da ta samu mai ɗaci ce. A 1834 wani ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya farfasa dala da dama a Meroe ta Sudan yana neman zinariya. Sai a 2011 UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya.